Kyamarar da Ke Ganin Ɗumin Taurari

A shekarar 1800 ne William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya rarraba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba kaɗan da launin ja, inda ido ba ya ganin kome. Sai ma'aunin ya hau. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira infirared, kuma duk abin da ke da ɗumi yana fitar da shi. Yana ratsa ƙurar samaniya, don haka da shi ake leƙa wuraren da sababbin taurari suke samuwa.

A 1986 wasu masana daga Edinbura, bisa jagorancin Ian McLean, suka ɗaura kyamarar IRCAM a kan madubin hangen nesa na UKIRT, mai faɗin mita 3.8, a ƙololuwar dutsen Mauna Keya da ke Hawai. Idon kyamarar ɗigo 3,596 ne kacal, wato 58 sau 62. Duk da ƙanƙantarsa ci gaba ne babba, domin kafin lokacin da ɗigo guda ake bin sama daki-daki.

To, amma kyamara irin wannan ba ta aikin kome sai an haɗa ta da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Dalili kuwa shi ne iska da madubi da ginin kansa duk suna fitar da infirared, har haskensu ya danne na tauraron nesa ba kusa ba. Kamar neman hasken aci-balbal ne da tsakar rana.

Galibi na'urori biyu ake haɗawa. Ƙarama tana kusa da kyamara, tana ba ta umarni tana karanta abin da ta gani. Babbar kuwa tana ɗakin masu aiki. Aikin farko shi ne sa ido kan sanyi. Ruwan naitirojin yakan kai sanyi zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri, wasu idanun kyamara ma sai an zarce haka, kuma a hankali ake sanyaya su don kada su tsage. Bayan nan a toshe kyamarar a ɗauki hoton duhu, don a san hasken ƙarya da take haifarwa da kanta, sannan a haska ta bai ɗaya don a gane ɗigon da ya fi wani gani da wanda ya mutu.

Inda aikin ya fi wuya shi ne tsaida lokacin ɗauka. Kowane ɗigo kamar ƙwarya ce a cikin ruwan sama: idan ta cika ta tumbatsa, ba mai iya faɗin yawan ruwan da ya zuba. Saboda haka akan ɗauki gajerun hotuna masu yawa, wani lokaci ƙasa da daƙiƙa guda kowanne, na'ura ta tara su. Sai a kau da madubi kaɗan, a ɗauki sama zalla, a debe wannan daga wancan. A nan ne tauraro yake bayyana a allo. Idan na'urar ta kasa bin wannan sauri, an yi asarar dare, ga shi kuwa mai bincike yakan jira watanni kafin a ba shi darare biyu ko uku.

Dutsen ma yana da nasa sharaɗin. A tsayin mita 4,200 iskar shaƙa ba ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ta bakin teku ba. Faifan ajiya mai juyawa yana iya lalacewa, domin allurarsa a kan siririyar iska take shawagi. Mutum kuma tunaninsa yakan yi nauyi, har gogaggen masani ya rikita lissafin da ɗan firamare zai yi. Shi ya sa a da akan rubuta jerin umarnin dare tun a masauki na Hale Pohaku, mai tsayin mita 2,800, a gwada shi da rana.

Kowane hoto da takardar shaidarsa ake ajiye shi, bisa tsarin FITS na 1981: lokaci, da inda madubi ya fuskanta, da matatar hasken da aka sa. A wancan zamani, da gari ya waye sai a kwafe aikin daren a kaset, a sauko da shi.