Zanen kwalin kaya: abin da ya sa maɗaba'a ke neman PDF mai shafuka da yawa

Masu sana'ar sabulu, kilishi ko garin kunu a Garwa, N'Djamena ko Kwatano sukan ba mai zane aikin kwalinsu a gari ɗaya, a buga shi a wani gari, wani lokaci ma a wata ƙasa. Mai maɗaba'a bai san abin da ke ran mai kaya ba, fayil ɗin da aka aiko masa kawai yake gani. Idan fayil ɗin ya zo a cakuɗe, dubban kwalaye na iya lalacewa, kuɗi kuma sun tafi.

Zanen kwali hawa-hawa ake yin sa a kwamfuta. Akwai hawan launuka da hotuna, hawan rubutu, hawan layin da za a yanka a naɗe, sai kuma hawan wuraren da za a shafa wa ƙyalli. Kowane hawa da injin da ke aikinsa. Idan aka haɗe su a hoto guda, layin yanka zai fito da tawada a jikin kwalin.

Maganin wannan shi ne a fitar da aikin a PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya ɓullo da shi a 1993. Shafi na farko ya nuna kwalin a kammale, na biyu launuka da rubutu, na uku layin yanka shi kaɗai, na huɗu wuraren ƙyalli da baƙin launi. Hawa ba ya zama shafi da kansa. Mai zane ne zai buɗe shafuka ya raba su. Illustrator da CorelDRAW suna yin haka, Inkscape na kyauta ma ya fara tun fitowar 1.2 a 2022. Dole shafukan su zo girma ɗaya, zanen kuma ya zauna a gurbi ɗaya, in ba haka ba wuƙa za ta ci rubutu.

Kafin a aika, a mayar da launuka tsarin CMYK na tawada huɗu, domin na allon kwamfuta sukan dusashe a takarda. Hotuna su kai ɗigo 300 a kowane inci, launi kuma ya zarce layin yanka da milimita 3.

Kwalin da ke ɗauke da Hausa da Faransanci yana da nasa haɗarin: haruffan ƙ, ɗ, ɓ da é kan ɓace idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin rubutun. Sai a cusa haruffan cikin fayil ɗin, ko a mayar da su zane.

A WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin manhajar tana rage ingancin hoto. Daga nan mai kaya ya nemi gwajin kwali guda, ya naɗe shi da hannunsa, kafin ya ce a ci gaba da bugawa.