Firiza a Ƙarƙashin Kwano

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa bayan shago ne, can lungun da aka jingine firiza.

A Turai da Amurka, duk shekara idan sanyi ya kankama, sai an tayar da wata muhawara: ko mutum zai iya barin firizarsa a gareji, inda ba a ɗumama ɗaki? Mai sauraro a Unguwar Gai zai ce wannan ai abin dariya ne, ta yaya sanyi zai cutar da abin da sanyayawa ce sana'arsa? Sai dai maganar tana da tushe. Firij mai hawa biyu, irin wanda ma'aunin zafinsa ɗaya ne tak a sashen ƙasa, idan garejin ya yi sanyi ƙwarai sai ma'aunin ya ɗauka aiki ya kammala, inji ya yi kwanciyarsa, naman da ke sama ya narke a tsakiyar hunturu. To, mu ma wannan tambaya tamu ce, ta baya kawai ta ɓullo mana. Daga Kibiya zuwa Tarai, daga Rano zuwa Rurum, firizar da ake neman abinci da ita, ta ƙanƙara da fiya wata, ta zoɓo da kunun aya, ta kifin Tiga, galibi a shagon kwano take, ko kwantena, ko garejin da ba silin. Abin da wannan shiri ke cewa shi ne, ɗakin da aka ajiye firiza rabin injinta ne, kuma da yawa daga laifin da muke jibga wa wuta da gas da mai gyara, na ɗakin ne.

Firiza ba ta ƙera sanyi. Zafi take kwasowa daga ciki ta watsar a waje, kamar mai kwarfar ruwa daga rijiya. Wanda ke shakka ya ɗora tafin hannunsa a jikin firizar kwance da ƙarfe biyu na rana, zai ji ɗumi, domin a yawancinsu bututun da ke fitar da zafin a cikin bangon yake. Wannan ɗumin da hannu ya ji, zafin ledojin ruwan da ke ciki ne yake neman hanyar fita. Abin da ake so a ciki shi ne digiri 18 ƙasa da sifili. Idan ɗakin yana kan digiri 25, tazarar da inji zai haura digiri 43 ce. Idan ɗakin ya kai 45, ta zama 63. Rijiya ta ƙara zurfi, guga kuwa shi ne dai na jiya. A ƙasar Kano kuma, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan taɓa digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon da rana ta wuni tana gasawa. Nan ne za a ji kwamfuresa tana ta gurnani ba hutu, ruwa ya ƙi daskarewa, mai shago ya ce gas ya ƙare, a kira mai gyara ya ɗura sabo, bayan mako biyu a koma gidan jiya. Gas ɗin firiza kuwa ba fetur ba ne da ke ƙonewa. Zagaye yake yi a rufaffen bututu, in ba huda ba ya raguwa.

Masu ƙera ta ba su ɓoye mana komai ba. A bayan kowace firiza akwai ɗan allo ko takarda a manne, kusa da inda waya ta fito, kuma a jiki akwai harafin da ke nuna yanayin da aka yi ta dominsa. SN na nufin daga digiri 10 zuwa 32. N daga 16 zuwa 32. ST tana jurewa har 38, T kuma har 43. Baturen da ke da gareji lambar farko yake dubawa, mu ta ƙarshe ce tamu. A nan ne maganar 'yar Beljiyam, wato firiza ta hannu, ta shigo. Ana yaba ta da ƙarko, kuma wasu sun cancanci yabon, amma an ƙera yawancinsu ne domin ɗakin girkin Jamus ko Ingila, inda ba kasafai zafi ke wuce digiri 32 ba. Firij da firiza na hannu suna cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su Najeriya, Gana ma ta rufe musu ƙofa tun 2013, amma kasuwa ba ta rasa su ba. Mai saye yakan buɗe murfi ya duba faɗi, ya ƙwanƙwasa jiki, ya sa a jona ya ji ƙara. Da wuya ka ga wanda ya tsuguna ya karanta allon baya. Alhali firij ɗin allurar rigakafi da ke asibitocin karkara, masu aiki da hasken rana, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da su ga ƙasashe masu zafi sai an gwada su a digiri 43.

Wani zai ce, malam, bar zancen ɗaki, a kawo wuta tukuna. Gaskiya ne, wanda wutar kamfanin KEDCO ke leƙo wa na 'yan sa'o'i, wani lokacin ma wutar ba ƙarfi, ba ya buƙatar a gaya masa ciwonsa. Amma wannan hujja ce a gare mu. Wanda ke da wuta dare da rana shi ne zai iya ɓarnar ta. Mai sa'a huɗu kuwa, ko dai sa'o'in nan su mayar da ruwa ƙanƙara, ko su ƙare wajen kokawa da zafin kwano. Bayan an ɗauke ma ɗakin ne ke yanke hukunci. Hukumomin abinci a Amurka suna cewa cikakkiyar firiza, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kimanin sa'a 48, mai rabi kuma 24. Wannan lissafin ɗaki mai sauƙin zafi ne, kwantena a watan Afrilu ba za ta ba ka shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kowace sa'ar da janareta ya ƙara daga ribar ƙanƙarar ake yankarta. Mai sola ma bai tsira ba, domin batirinsa ne ke biyan kuɗin zafin.

Wani kuma zai ce ina wurin yake, ciniki ai a bakin titi ake yinsa. Wannan ya fi nauyi, amma a lura da matan da ke sana'ar ƙanƙara a cikin gida: firiza tana ɗakin ƙasa mai kaurin bango, abin da ke fita kasuwa kula ce a kan yaro ko bayan babur. Sun raba wurin daskarewa da wurin sayarwa, kuma dabara ce da mai shago zai iya ara. In kuwa dole ta zauna a shagon, a janye ta daga bangon yamma, a bar mata tazarar tafin hannu ko fiye ta kowane gefe, a yi wa kwanon silin ko da na zana ne, a buɗe wata kafa a sama inda iska mai zafi za ta fice. A daina cusa mata katan-katan da buhuna a gefe. Robar bakin murfi kuma gwajinta ba wuya: a maƙale takardar naira ɗari a rufe, in ta zare salin alin, robar ta mutu.

Sai masu lulluɓa mata bargo. Suna da rabin gaskiya. Idan an ɗauke wuta, bargo yana tare zafin waje. Da zarar wuta ta dawo, shi ne kuma zai toshe bangon da zafi ke fita ta cikinsa, don haka mai rufawa ya zama mai yayewa.

Hunturunmu, ko da dare ya sauko digiri 12 ko 13 a Janairu, ba ya kaiwa inda zai ruɗa firizar kwance. Ƙurarsa ce abin tsoro, wadda ke liƙe ragar da ke gefen kwamfuresa har ta zama kamar auduga. A zare waya daga soket, a share da burushi. Garejinmu kuwa yana da wani haɗarin da ya wuce narkewar nama. Nan ake ajiye babur, nan jarkar fetur take, nan ake tayar da janareta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda makunnin kwamfuresa ke iya yin tartsatsi duk sanda ta tashi. Yawancin sababbin firiza kuma gas ɗinsu R600a ne, wanda shi kansa yana kama wuta, an rubuta shi a wancan allon na baya. Jarka ta koma wani ɗaki, janareta ya fita fili inda hayaƙinsa ba zai shiga wa mutane ba, a ja waya mai kauri zuwa ciki.