Uwargida: Waƙa A Baka, Aiki A Hannu

Uwargida, kin taɓa lura da yaron da aka kai aji ɗaya, aka ba shi fensir ya damƙe shi kamar muciya? Sai ki ji ana cewa ai ba shi da kai. Sau da yawa kansa lafiya lau, yatsunsa ne ba su saba ba. Haka kuma yake fama a makarantar allo ran da malam ya miƙa masa alƙalami da tawada.

Masana lafiyar yara sun nuna cewa jariri yakan fara tsintar abu da babban yatsa da manuni tun yana wata 9 zuwa 12. A shekara 3 yakan iya kwaikwayon zanen da'ira, a shekara 5 kuwa ya zana mai kusurwa uku. Amma sai an ba hannun aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, yaro ba ya son a ce masa zauna ka koya, amma yana son waƙa. Dabarar ita ce ki haɗa waƙar da ya sani da abin da zai ƙera da hannunsa. Ba sai kin kashe ko kwabo ba, kayan aikin suna nan cikin gidanki.

Ga misali. Bayan kaka karan dawa ba ya wuya a Tsafe ko Bungudu. Ki feƙe ɓawon da kanki domin yana yanka, ki ba yaro totuwar. Ku riƙa rera waƙar Ɗan Maliyo, ki ce ya haɗa wa matafiyin nan motar da za ta dawo da shi gida. Soka tsinke cikin totuwa yana koya wa ido da hannu tafiya tare.

In dare ya yi kika ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da 'yar waƙarta, kashegari ki kwaɓa yumɓu. Kowa ya mulmula Gizonsa, ya kafa masa ƙafafu takwas yana ƙidayawa. Mulmulawa da matsawa su ne ke ƙarfafa tafin hannu.

Gusau kuwa garin auduga ne, tun ma zuwan jirgin ƙasa. Ki ba 'yarki ɗan ƙullin auduga ta cire angurya ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ku cusa audugar cikin tsumma ku yi 'yar tsana. Ta goya ta, ta yi mata waƙar renon da kike yi wa ƙaninta. Ɗaurin goyon nan shi ne farkon koyon ƙulli. Wadda ta kai shekara 5 a ba ta kaba ta fara saƙa ƙaramin mafici, kowane baiti zare ɗaya. Ɓarar gyaɗa da 'yar carafke su ma kada ki raina su.

Sai dai a kula da abu uku. Na farko, kada a bar wa ɗan ƙasa da shekara 3 wake ko dutsen ado ko angurya, domin yakan sa a hanci ko ya shaƙe. Na biyu, reza da allura a hannunki za su tsaya. Na uku, ki san inda aka ɗebo yumɓun. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Ƙasar da ta fito daga wurin haƙa ko niƙan ma'adini kada ta taɓa hannun ɗanki. In an gama wasa kuma a wanke hannu da sabulu.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne kuka fi kowa sanin waƙoƙin gaɗa. In kun dawo kun ci abinci, ku zauna da ƙannenku ko na ɗan lokaci ne. Wadda ke burin shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, to ga ajinta na farko nan a tsakar gida.

Uwargida, mun ga yadda rashin tsaro ya sa aka rufe makarantun Jihar Zamfara a 2021, yara suka zauna gida. Makarantar da ba mai iya rufewa ita ce tabarmarki. In motar ta karkace ko Gizon ya fito da ƙafa shida, kada ki karɓe ki gyara, kada kuma ki yi masa dariya. Ki yaba masa, gobe ya sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun sadu mako mai zuwa.