Daga Gungume Zuwa Gadon Amarya: Sana'ar Katako a Ƙasar Bagudo

Duk wanda ya ƙetare kogin Kwara ta gadar Tuga, ya nausa yamma ta Kaoje har ya isa Tsamiya, inda ƙasar Bagudo ta yi iyaka da Segbana ta Jamhuriyar Benin, lalle zai lura cewa daji yana ƙara duhu, itatuwa suna ƙara tsayi da kauri, har ya riski irin waɗanda mutumin Sakkwato ko Argungu bai saba gani a bayan garinsu ba. A nan ne Allah cikin hikimarsa ya ajiye maɗaci da kawo da madobiya da maje da doka da ƙirya, kuma a kansu ne sana'ar sassaƙa ta ginu tun zamanin da ba a san zarto ba, sa'ad da gatari da gizago suka wadatar wajen fitar da turmi da akushi da jirgin fito.

A yau al'amarin ya sāke. Magidanci yakan nemi izni wurin malamin daji, ya kira mai injin zarto ya kayar masa da itace a gonarsa, a tsaga shi falanki-falanki nan take, sa'an nan a kai wa kafinta ya yi ƙyaure ko benci ko gadon 'yarsa da za ta tare. Wannan hanya tana da fa'ida babba, domin mai itace ya san asalin katakonsa, bai kuwa biya ladan dillali da kuɗin mota ba. Amma tana da aibi guda wanda wajibi ne a faɗa, shi ne bakin injin yana da kauri ƙwarai, yana cin kusan milimita 8 a kowane yanka, alhali zarton masana'anta mai siririn baki bai cika wuce 3 ba, saboda haka rabo mai yawa na gungumen yakan tashi a gari.

Sanin ɗabi'ar kowane itace shi ne farkon ilmin sana'ar. Kawo mai nauyi ne, ba ya saurin kumburi ko ƙanƙancewa, shi ya sa ya dace da ƙyaure da dogaran ƙofa. Maɗaci ja ne mai karɓar goga da sheƙi. Ƙirya kuwa tana dakushe kayan aiki saboda taurinta, amma turminta yakan ga jikoki. Shi kuma maje, duk da sauƙin aikinsa da araharsa, ƙwari ba su jinkirta masa. A cikin gungume guda ma akwai bambanci, domin farin ɓangaren da ke dab da ɓawo shi gara ta fi so, zuciyar mai duhu ita ce mai ƙarko.

Sai dai, a ganina, inda aka fi yin hasara shi ne wajen busarwa, kuma sababinta gaggawa ce kawai. Ɗanyen itace yana ɗauke da ruwa mai yawa, wani har kusan rabin nauyinsa, kuma yayin da ruwan yake fita katako yana raguwa ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan bai canzawa. To, idan kafinta ya haɗa gado da falankin da aka tsaga makon jiya, don biki ya matso kuma uwar amarya ta tsananta masa, da zarar hunturu ya busa sai mahaɗai su saki, fuskar gadon ta tsage, a ɗora wa mai sana'a laifin ha'inci, alhali kuwa abin da ya rasa haƙuri ne. Ƙa'idar da gwanaye suke bi ba ta da wuya: a jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a shafa fenti a bakunansu don kada su yi saurin bushewa su dare, a danne saman da nauyi. A ƙasashen sanyi sukan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri. A nan zafinmu ya rage wa'adin, illa dai rana tsaka da iskar hunturu, in an bar katako a fili, ɓarnarsu ta fi ta damina.

Akwai kuma wata musiba da ta fi ƙarfin rumfar kafinta. Tun da attajiran ƙasar Sin suka ɗora ido a kan madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira koso, aka yi ta kwasar gumagumanta daga dazuzzukan Benin da Nijeriya zuwa tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Ikko, har ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu a taron Johannesburg na 2016, suka ƙara da maɗaci da kawo a taron Panama na 2022. Madobiya da kawo kuwa su ne ganyayen da Fulani ke sassabo wa shanu da rani, don haka hasararsu ba ta kafinta kaɗai ba ce. Gungumen da aka fitar ɗanye ya ciyar da mai inji kwana kaɗan. Wanda aka tsaga, aka busar, aka sarrafa a Illo ko Zagga ya ciyar da kafinta da almajiransa, ya kuma bar kaya a ɗakin talaka.

Saboda haka muna roƙon hakimai da dagatai da hukumar gandun daji ta Jihar Kebbi su sa ya zama sharaɗi ga duk wanda aka ba iznin sare maɗaci ko kawo ya dasa wasu a madadinsa, ya kuma tsare su daga awaki da gobarar daji har su kafu. Kai kuma mai shirin aurar da 'ya baɗi, ka tsaga katakonka bana.