Daga Bajarawiyya Zuwa Dutsen Barkal: Yadda Matafiyi Ke Karanta Dalolin Sudan

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun wata tafiya da marubucinta ya yi shi kaɗai zuwa dalolin daular Kush da ke arewacin Sudan, a hunturun da ya gabaci ɓarkewar yaƙin 2023. Manufarta ita ce bayyana tsarin waɗannan gine-gine da tarihinsu, tare da nuna cewa wanda ya je musu da siffar dalolin Masar a ransa zai ɗauke su a matsayin kwaikwayo maras ƙarfi, alhali kuwa tsarinsu na nuna al'ada mai cin gashin kanta. An kawo misalan baƙin da suka yi wa wurin gurguwar fahimta, da irin asarar da hakan ya jawo.

1.0 Gabatarwa

Kunnen Bahaushe ya saba da kalmar dala ta hanyar dalar gyaɗa ta Kano, kuma da ita ake kiran ginin nan mai faɗin gindi da tsinin kai wanda fir'aunoni suka shahara da shi. Da zarar an ambaci irin wannan gini, Masar ce ke faɗowa a rai. Amma a ƙidaya, Sudan ta fi Masar yawan daloli: tana da fiye da 200, Masar kuwa ɗari da 'yan kai. Duk da tsohuwar alaƙar da ke tsakanin Hausawa da Sudan ta hanyar aikin hajji da neman ilimi, rubutun Hausa a kan waɗannan wurare ƙalilan ne.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Sun kuma ce baƙo ko yana da ido makaho ne. Tsakanin waɗannan maganganu biyu matafiyi yake tsaye: ganinsa hujja ce, amma abin da ya riga ya ƙudurta a ransa kan rufe masa abin da ke gabansa. A kan wannan ne maƙalar ta ginu.

2.0 Hanya da Wurare

Mai fitowa daga Hartum yakan bi titin da ya nufi Atbara ta gabashin Kogin Nilu. Bayan ya wuce garin Shandi, a tazarar da ta ɗara kilomita 200 daga babban birnin, sai ya hango tsinin daloli a kan tudun yashi ta hannun dama. Nan ne tsohon birnin Meroe. Akwai wani ruɗani da ya kamata a kiyaye: a Larabci sunan wannan kufai da na garin Merowe na yau, wanda ke can arewa maso yamma, iri ɗaya ake rubuta su. Don haka mai neman mota yakan ambaci Bajarawiyya, wato ƙauyen da ke kusa da kufan.

Daga nan ana zarcewa Atbara, a haye kogi, a ratsa hamadar Bayuda zuwa garin Karima, inda Dutsen Barkal yake, da maƙabartun Nuri da Kurru a kewayensa. Hukumar UNESCO ta sanya yankin Barkal cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, yankin Meroe kuma a 2011. Abin lura shi ne, hanyar mota ta saɓa wa jerin tarihi: matafiyi yana fara ganin ƙarshen daular kafin farkonta. Saboda haka bayanin da ke tafe zai bi jerin zamani, ya fara daga arewa.

3.0 Kurru da Nuri: Mafarin Al'adar

Sarakunan Masar sun daina gina wa kansu dala tun wajen ƙarni na 16 kafin Miladiyya, suka koma haƙa kaburbura a cikin duwatsu. Manyan ma'aikatansu ne suka ci gaba da ɗora ƙananan daloli masu tsini a kan kaburburansu, har a yankin Nubiya da Masar ke mulka a lokacin. Bayan kimanin shekara 800, Sarki Piye na Kush, wanda ya ci Masar da yaƙi a ƙarni na 8 kafin Miladiyya, ya farfaɗo da dala a matsayin kabarin sarki a Kurru. Zuriyarsa ce masana ke kira gidan sarauta na 25 a jerin fir'aunoni.

A Kurru yawancin dalolin sun rushe, amma abin da ke ƙasa ya tsira. Mai gadi yakan buɗe ƙofa a sauka matakala zuwa kabarin Sarki Tanutamani, inda zanen bango ya riƙe launinsa har yau. A nan kuma aka tono ramukan dawakin sarakuna 24, an binne su a tsaye da adonsu. Haka nan al'adar kwantar da mamaci a kan gado, wadda ta daɗe a Nubiya, ta ci gaba a wannan maƙabarta. Ke nan tun daga farko an haɗa siffar da aka aro da al'adar gida.

A tsallaken kogi, a Nuri, Sarki Taharka, wanda ya yi mulki daga 690 zuwa 664 kafin Miladiyya, ya gina dala mafi girma a Sudan, mai faɗin gindi wajen mita 52. Kusa da nan ne Dutsen Barkal ya miƙe kusan mita 100 a tsakiyar fili. Mutanen da sun ɗauke shi mazaunin abin bautarsu Amun, kuma a gindinsa ake tabbatar da sarautar sarki. Wanda ya hau kansa da yamma zai ga kufan ɗakin bautar, da gonakin dabino, da kogi, a shimfiɗe wuri ɗaya, ya fahimci dalilin da ya sa aka zaɓi wurin.

4.0 Meroe: Abin da Ginin Ke Faɗa

Daga wajen 270 kafin Miladiyya aka mayar da binne sarakuna zuwa Meroe, aka ci gaba har wajen 350 Miladiyya. Maƙabartu uku ne a wurin: ta kudu, da ta arewa, da ta yamma. A ranar da marubucin ya isa da sassafe, babu kowa sai mai karɓar kuɗin shiga da wasu samari masu raƙuman haya. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ƙanƙanta. Babbar dalar Giza ta kai mita 146 a lokacin da aka gina ta, na Meroe kuwa tsayinsu tsakanin mita 6 ne zuwa 30. Sai da ya shafe yini yana zagaye kafin ya gane cewa ma'aunin da ya zo da shi ne bai dace ba. Abubuwa huɗu ne suka nuna haka.

Na farko, wurin gawa. A babbar dalar Giza ɗakin sarki yana cikin jikin ginin. A Meroe kuwa kabarin yana ƙarƙashin ƙasa, an sassaƙe shi cikin dutse, ana sauka ta matakala daga gabas. Dalar alama ce kawai a bisansa, cikinta cike da ɓaraguzai da tsakuwa, an lulluɓe da sassaƙaƙƙen dutse.

Na biyu, tsini. Gefen babbar dalar Giza ya karkata da digiri 52 ko ƙasa kaɗan, na Meroe kuwa wajen digiri 70. Friedrich Hinkel, Bajamushen masanin gini da ya daɗe yana gyaran wurin, ya nuna cewa da jigo aka riƙa ɗaga duwatsun, irin wanda manoman fadama ke ɗebo ruwa da shi, an kafa turkensa a tsakiyar ginin. Tun da hannun jigo ba ya kaiwa nesa, dole gindi ya tsuke, gefe ya miƙe.

Na uku, ɗakin sadaka da ke manne da gabashin kowace dala, mai ƙofa kamar soro. A bangonsa ake sassaƙa mamacin a zaune ana miƙa masa hadaya. A nan ake ganin matsayin mata: sarauniyoyi masu laƙabin Kandake an zana su da cikar jiki da kayan mulki, wasu riƙe da fursunoni. A zamanin ɗayarsu, wadda masana ke ɗauka Amanirenas ce, Kush ta gwabza da Rumawa tsakanin 25 da 21 kafin Miladiyya. Kan mutum-mutumin tagulla na Sarki Augustus da aka tono a 1910 ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta a Meroe ganimar wannan zamani ce, yanzu yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Na huɗu, rubutu. Mutanen Meroe sun ƙirƙiri nasu rubutun mai alamomi 23. Francis Griffith ya gano sautukansa tsakanin 1909 da 1911, amma har yau ma'anar mafi yawan kalmomin a rufe take. Ana iya furta rubutun, ba a iya fassara shi sosai. Ga manazarcin harshe, tsayuwa gaban irin wannan allo darasi ne kan abin da ke faruwa idan harshe ya rasa masu magana da shi.

Kudu da nan, can cikin daji gabas da kogi, akwai Naƙa'a da Musawwarat, waɗanda sai da hayar mota ake kai musu. A Naƙa'a, a ƙofar ɗakin bautar Apedemak mai kan zaki, an sassaƙa Sarki Natakamani da Sarauniya Amanitore da girma ɗaya. Apedemak ba ya cikin abubuwan bautar Masar. Na Kush ne. A Musawwarat kuma akwai babban tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, wanda 'yan Sudan ke kira hafir, shaidar yadda daular ta riƙe makiyaya nesa da kogi.

5.0 Baƙin da Suka Gabata

Idan matafiyi ya ɗaga kai a maƙabartar arewa, zai ga da yawa daga dalolin ba su da kai. Zaizaya ta yi nata, amma hannun mutum ya fi ɓarna. Bafaranshe Frédéric Cailliaud ya zana su a 1821, lokacin da dalar Sarauniya Amanishakheto take tsaye kusan cikakkiya. A 1834 wani likitan soja ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya zo neman zinariya, ya rushe ta daga sama. Ya sami kayan ado na zinariya waɗanda yanzu ke Munich da Berlin, ya kuma yi iƙirarin cewa a wani ɗaki kusa da ƙololuwa ya same su. Masana na ganin a kabarin ƙasa suke. Wannan iƙirari ya ƙarfafa zaton cewa dukiya na cikin jikin ginin, alhali babu komai a ciki sai ɓaraguzai.

Ɓarna ta biyu ta fassara ce. George Reisner, Ba'amurken da ya yi tono a Barkal da Nuri da Kurru da Meroe tsakanin 1916 da 1923, shi ya tsara jerin sarakunan Kush da ake dogaro da shi har yau. Amma ya kasa yarda cewa baƙaƙen mutanen yankin ne tushen sarautar, sai ya jingina asalinta ga 'yan Libiya. Binciken baya ya yi watsi da wannan ra'ayi. Ferlini ya zo da kwaɗayi, Reisner ya zo da ilimi, amma dukansu abin da suka zo da shi a rai suka gani.

Akwai kuma kuskuren zuzutawa, wanda ya shafi nazarin Afirka ta Yamma kai tsaye. Tarin kashin maƙera da ke gefen birnin Meroe ya sa an daɗe ana cewa daga nan fasahar narkar da tama ta bazu zuwa yamma. Murhunan da aka tono a Taruga, cikin yankin al'adar Nok a Nijeriya, waɗanda suka kai tsakiyar shekaru dubu na ƙarshe kafin Miladiyya, sun raunana wannan zato. Girmama Meroe bai buƙaci a mayar da ita uwar kowace fasaha ba.

6.0 Hausawa da Wannan Hanya

Alaƙar da za a iya tabbatarwa ta baya-bayan nan ce. Layin dogo da ya tashi daga Hartum zuwa Atbara, ya zarce Bahar Maliya, ya ratsa ta cikin kufan Meroe ne. Alhazan ƙasar Hausa da suka bi jirgin ƙasa daga Hartum zuwa gaɓar teku a ƙarni na 20 ta nan suka wuce. Wasu Hausawa da Fulani sun zauna a Sudan ɗungurungum, kamar mutanen garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Wannan na nuna wani fagen bincike: tattara labaran baka na tsofaffin alhazan ƙasa, a ji yadda suka siffanta wuraren da suka ratsa da kalmomin da suka yi amfani da su, tun masu labarin suna raye.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dalolin Sudan suna da nasu tsarin: kabari a ƙasa, gini mai tsini a sama, ɗakin sadaka a gabas, da rubutu na gida. Ta kuma nuna cewa rashin fahimtar wannan tsari ya taɓa jawo rushewa da karkatar da tarihi. A yau barazanar ta ƙaru. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya cika wasu kaburburan Nuri, ambaliyar 2020 ta kai ga gefen birnin Meroe, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da zirga-zirgar masu ziyara, an kuma wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum. A irin wannan hali, bayanin wanda ya je ya gani yakan zama ajiya. Ya kamata sassan nazarin Hausa su ƙarfafa rubuta irin waɗannan tafiye-tafiye da Hausa, tare da daidaita kalmomin ilimin kufai, domin ɗalibin da ya san dalar gyaɗa ya san ta Taharka da harshensa.