Itace Daga Ƙwayar Ganye Guda

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk mun san rogo ba ya bukatar iri. A yanki kara, a dasa, ya tsiro. To, masana sun wuce nan: sun tsirar da shuka sukutum daga abin da ido ba ya gani.

Ganye gini ne, kamar ɗakin tubali. Tubalansa su ne ƙwayoyin halitta. Sai an jera wajen 30 kafin su cika milimita 1. Da madubi mai ƙara girman abu ake ganin su.

A 1902, wani malami a ƙasar Ostiriya, Haberlandt, ya ciro ƙwayoyin ganye ya sa su cikin ruwan sukari. Ya ce kowace ƙwaya tana iya zama shuka. Nasa sun rayu, amma ba su hayayyafa ba. Ya rasu a 1945 bai ga cikar maganarsa ba.

A 1971, a Jamus, Takebe ɗan Japan da abokan aikinsa biyu suka yi nasara da ganyen taba. Sun jiƙa ganyen cikin wani magani mai narkar da bawon ƙwayoyin. Suka zuba su cikin kwanon gilashi mai sukari da gishirin taki da maganin tsiro. Ƙwayar ta sake bawo, ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, har ta zama ɗan curi. Curin ya fid da toho, ya yi saiwa. Aka dasa shi, ya girma har ya yi fure. Aikin yana son tsabta ƙwarai: ƙura kaɗan ta shiga, sai kwanon ya yi hunhuna, wahala ta tashi a banza.

Ina amfaninmu a ciki? Karan rogo mai cutar da ke murɗe ganye yana kai cutar sabuwar gona. Cibiyar IITA ta Ibadan, a Najeriya, tana renon rogo cikin kwalabe don samun dashe mai lafiya. Ita da kan toho take aiki, wanda ya fi ƙwayar ganye sauƙi. Haka ake yawaita ayaba da dabino a ƙasashe da yawa.

Amma a kula. Dashen kwalba yana fitowa da lafiya, ba da rigakafi ba. Ƙananan fararen ƙwarin da ke ɗauko cutar daga gonar maƙwabci suna iya sa masa ita tun daminar farko.