Dutsen Mabul Ba Ya Shiri Da Tsami

Jama'a, yanzu attajirai sukan kafa teburin girki a tsakiyar madafa, su shimfiɗa masa mabul, irin wanda ake haƙowa a Karara ta ƙasar Italiya. To, a sani, asalinsa dutsen farar ƙasa ne, saboda haka tsami yana cinsa. In ruwan tsamiya ko lemun tsami ya zuba, sai sheƙinsa ya dushe. Manja kuwa tabo yake bari. Mai saye ya nemi mai kaurin santimita 3, ya ɗiga ruwa bisa gutsurensa. In ya tsotse da sauri, haka zai sha manja. A gida kuwa a riƙa gogewa da ruwan sabulu, kada a yanka nama sai bisa katako.